Makon farko bayan hutu, makon da muke zubarwa

Ranar da ɗiyata ta koma makaranta a nan Ingila bayan dogon hutu, a farkon watan Satumba, na je ɗauko ta da yamma na tarar da littafin karatu a cikin jakarta, da ɗan littafin da iyaye ke sa hannu idan yaro ya yi karatu a gida. Na tambaye ta me suka yi yau. Ta ce, "Baba, lissafi muka yi, sannan Malama ta kira ni na karanta mata shafi biyu." A ranar farko ke nan. Muna tafe tana ba ni labarin sabon wurin zamanta da yarinyar da aka haɗa su tebur ɗaya, ni kuwa hankalina ya koma firamaren da na yi a gida Najeriya.

Mu a wurinmu ranar komawa ranar tsintsiya ce da lauje. Dogon hutu a damina yake faɗowa, don haka kafin a dawo ciyawa ta cinye fili, yanar gizo ta rufe tagogi, wani bencin ma gara ta taɓa shi. Za a yi asambali, hedimasta ya yi mana barka da dawowa, a raba mu aji aji, kowa da yankin da zai share. Talata ma haka. Laraba a ce ana jiran jadawalin darussa. Rabin ajin bai zo ba, malamai suna zaune a inuwa suna hira, monita yana rubuta sunayen masu surutu. Idan yaro ya ce zai tafi makaranta, a gida ma sai a ce masa ya bari sai mako mai zuwa, ai ba a fara karatu ba tukuna. Malami ba ya koyarwa saboda yara ba su cika ba, yara ba sa zuwa saboda malami ba ya koyarwa, kowa yana jiran kowa. Ina magana da ƙannena da ke da yara a makarantun gwamnati, abin da suke faɗa mini bai yi nisa da wanda na sani ba.

A yi lissafin abin. Zango uku ne a shekara. Idan mako guda ya tafi a farkon kowane zango, mako uku ke nan a shekara, mako 18 a shekara shidan firamare. Wannan ya fi zangon karatu guda tsawo, kuma ban sa kwanakin bayan jarrabawa da ake zaman jiran sakamako ba.

Nan Ingila da nake zaune, na daɗe ina ɗauka kuɗi da gine-gine ne kaɗai suka bambanta mu da su. Da na zama uban ɗaliba sai na ga wani abu da ya fi ba ni mamaki don sauƙinsa: malamai suna rigan yara dawowa. Yara a makarantun gwamnati suna zuwa kwana 190 a shekara, malamai kuwa 195. Kwana biyar ɗin nan na horo ne da shiri, babu ɗalibi ko ɗaya a harabar, kuma tun 1988 aka shigo da tsarin, zamanin da Kenneth Baker yake ministan ilimi. Yawancin makarantu suna ɗora kwana ɗaya ko biyu daga ciki a bakin sabuwar shekarar karatu. Shi ya sa ranar da yaro ya shigo, sunansa yana manne a inda zai rataye jakarsa, littattafansa suna jiransa, malamar kuma ta riga ta zauna da malamar bara ta ji wane ne ke tuntuɓe a karatu, wane ne ba ya gani sosai daga baya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Sai kiran suna. Sau biyu ake yi a rana, da safe da kuma bayan hutun tsakar rana, doka ce. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da yarinyar na shagala ban sanar ba, kafin hantsi ya yi nisa ofishin makaranta ya bugo mini waya ana tambayar lafiyarta. Wannan wayar ta taɓa ni ƙwarai. Na tuna abokan ajinmu da bayan wani hutun ba su sake dawowa ba, ba wanda ya bi sawunsu, har muka daina ambaton sunansu.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar makon farko da nauyi shi ne mantuwa. Yaro ɗan shekara shida ko bakwai da ya yi makonni bai riƙe fensir ba, hannunsa ma sai ya sake sabawa. A 1996 wani masani a Amurka, Harris Cooper, da abokan aikinsa sun tattara bincike da dama kan dogon hutu, suka ga yara suna dawowa da koma baya na kusan karatun wata guda, kuma abin ya fi yawa a lissafi da rubuta kalmomi daidai. A fannin karatu kuwa 'ya'yan marasa hali ne suka fi zamewa, saboda gidan da ke da littattafai yaronsa bai daina karatu ba ko a hutu. To yaron da babu littafi ko ɗaya a gidansu, makon farkon nan shi ne damarsa ta bita, a tuna masa haruffa, a maimaita masa jadawalin sau, kafin a ɗora sabon darasi a kai. Idan aka kashe makon a shara, sannan malami ya shigo da gaggawar cimma manhaja, wannan yaron ne ake bari a baya, kuma shi ne za a kira daƙiƙi a ƙarshen zango.

Ba komai na nan ne ya kwanta mini ba. Tun daga Agustan 2024, idan yaro ya yi fashin kwana biyar ba da izini ba a cikin mako goma na karatu, ana iya cin kowane ɗaya daga iyayensa tarar fam 80, ta koma 160 idan aka wuce kwana 21 ba a biya ba. Ga mu da danginmu suke wata nahiya, wannan dokar tana da zafi, domin ganin kaka ma tarbiyya ce. Sannan yaran nan ba sa taɓa tsintsiya, ma'aikata ne ke share musu aji bayan sun tashi. Ni ina ganin alheri a sharar da muka yi. Ta sa mun ɗauki makarantar tamu ce, kuma a Japan har yau ɗalibai ne ke share azuzuwansu. Abin da nake ƙi shi ne aikin sa'a biyu ya zama na kwana biyar.

Na san kuma nauyin da ke kan malaminmu. A nan doka ta hana ajin yara 'yan shekara biyar zuwa bakwai ya wuce mutum 30 ga malami guda. Malamin da ke tsaye gaban aji cike maƙil, wasu a ƙasa, albashinsa kuma yana makara, ba adalci ba ne a auna shi da sikeli ɗaya da malamar ɗiyata. Amma a Najeriya dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta riga ta wajabta karatun firamare, har ta tanadi hukunci ga iyayen da suka ƙi kai yaro. Dawowar malamai kwana biyu kafin yara, fitar da jadawali kafin a tafi hutu, buɗe rajista tun ƙarfe takwas na ranar farko, duk abubuwa ne da hedimasta da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma za su iya yankewa ba tare da jiran sabon gini ba.

Da hutun ƙarshen shekara ya zo ƙarewa na kira ƙanwata, na tambaye ta ranar da ɗanta zai koma. Ta ce, "Yaya, an ce Litinin, amma sai ta sama zan tura shi, ka san makon farko babu abin da ake yi." Na roƙe ta ta tura shi tun ranar farko da littafinsa da fensirinsa, ta kuma tayar da maganar a taron iyaye da malamai. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce za ta fara tuntuɓar iyayen yaran ajinsu, domin idan su goma suka tura nasu rana ɗaya, malamin zai shiga aji.