Wasan da ko sunansa ba nasa ba ne shi kaɗai

Jama'a yau ba maganar ƙwallon ƙafa zan yi ba, ku yi haƙuri, maganar zari-ruga ce, kuma na san wasu za su ce to mu ina ruwanmu. Ku tsaya dai. Kun san zari-ruga iri biyu ne? Akwai na mutum 15 da ake kira rugby union, akwai na mutum 13 da ake kira rugby league, hukuma daban, dokoki daban, kofin duniya ma daban. Ni na 13 ɗin nake bi, wato lig, kuma duk ranar da na ce wa mutum ina son wasan sai ya ce au su All Blacks na New Zealand ko? ko ya kawo min Afirka ta Kudu. Duka biyun ƴan yuniyan ne. Sai na kama dogon bayani, kafin na kai ƙarshe mutumin ya koma kan wayarsa.

To matsalar kenan tun daga tushe. Suna linzami ne, shi kuwa wannan wasa linzaminsa na hannun ɗan ubansa. A 2014 hukumar yuniyan ta sauya sunanta zuwa World Rugby, gasarta kuma Rugby World Cup kawai, ko kalmar union ba sa wahalar sakawa, sun kwashe sunan gaba ɗaya sun bar ɗayan da bayani. Alhali fa lig ne ya fara yin kofin duniya, a 1954 a Faransa, su yuniyan sai 1987. Wa ya san wannan in ba mu ƴan tsiraru ba?

A Faransa ma abin ya wuce wasa. Gwamnatin Vichy, wadda ta mulki ƙasar lokacin yaƙin duniya na biyu, ta haramta lig a 1941 ta ƙwace dukiyarsa, bayan yaƙi aka bari a ci gaba da bugawa amma aka hana su amfani da kalmar rugby, sai dai su ce wasan mutum 13, haka suka yi ta fama har farkon shekarun 1990 kafin kotu ta mayar musu da sunan. Wajen shekara arba'in kana sayar da kaya an hana ka faɗin sunan kayan.

Amma gaskiya ba zan ɗora wa yuniyan laifin duka ba, don abin da ya fi ƙona min rai shi ne masu lig ɗin suna da labarin da kowane ɗan talla zai yi mafarkin samu, kuma kamar kunyarsa suke ji. A watan Agustan 1895 ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka ɓalle bayan taro a wani otal a Huddersfield, dalili kuwa ƴan wasansu leburori ne, masu haƙar gawayi da ma'aikatan masaƙa, in mutum ya bar aiki ranar Asabar ya je buga wasa an yanke masa kuɗin ranar, ƙungiyoyin suka ce mu biya su abin da suka rasa, manyan kudu masu hali suka ce sam, wasa ba da kuɗi ake yinsa ba. Shi kenan aka raba gari. Su yuniyan ɗin da suka yi ta ƙyamar biyan kuɗi sai da suka shekara 100 cif, a 1995, sannan suka dawo suka fara biya. Wasan talakawa da suka ƙi a taka su, wannan ai ko ba ka taɓa ganin ƙwallon ba labarin zai kama ka.

Maimakon haka me aka yi? A 1996 da kuɗin talabijin na Sky suka shigo aka ƙirƙiri Super League, babbar gasar ƙungiyoyin lig a Ingila, aka mayar da kakar wasa lokacin zafi, aka bi ƙungiyoyi ana liƙa musu sunayen dabbobi irin na Amurka, Bradford Northern ta zama Bradford Bulls, Leeds ta zama Rhinos. Ban ce bai yi amfani ba ko kaɗan, yara sun so abin, Bradford ta cika fili a lokacin. Amma ku duba sunan gasar kansa, Super League, babu rugby a ciki babu komai, shi ya sa a 2021 da su Real Madrid da Juventus suka fito da tasu Super League ɗin duniya ta ɗauka da surutu babu wanda ya tuna akwai masu sunan tun shekara 25 baya.

Sai kuma son zuwa nesa. An kafa ƙungiya a Paris a 1996, kaka biyu ta mutu. Toronto Wolfpack ta Kanada ta hau har Super League, ta sayo fitaccen ɗan wasa Sonny Bill Williams, korona na zuwa a 2020 ta janye. Yanzu Las Vegas ake yayi, NRL, babbar gasar lig ta Ostireliya, ta fara buɗe kaka a can a 2024, a 2025 Wigan da Warrington na Ingila suka bi sahu. Hotunan sun yi kyau ba ƙarya, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne, kwana ɗaya a shekara ba ya sa Ba'amurke ya bambance 13 da 15. A Ingila kuwa har gobe in ka bar titin M62 da ya ratsa daga Liverpool zuwa Hull, wasan sai ka nema da fitila.

Kuma kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Jason Robinson da ya ci wa Ingila a wasan ƙarshe na kofin duniyar yuniyan a 2003, ƙungiyar lig ta Wigan ce ta rene shi. Andy Farrell da duniya ta sani da kocin yuniyan na Ireland, kyaftin ɗin Wigan ne shekara da shekaru. Kevin Sinfield da ya sa mutane kuka ranar da ya sungumi abokinsa Rob Burrow da ciwo ya hana tafiya ya ƙetara layin ƙarshe na gudun fanfalaki da shi a Leeds a 2023, duka biyun ƴan lig ne, amma jaridu da yawa rugby kawai suke rubutawa. Sai a 2025 aka ba ɗan wasan lig sarautar Sir karo na farko, Billy Boston, bayan shekara 130.

Wani zai ce ai a Ostireliya babu wannan matsalar, haka ne, a Sydney da Brisbane lig ne sarki, gasar State of Origin tsakanin jihohin New South Wales da Queensland tun 1980 gari ke tsayawa dominsa, a Papua New Guinea kuma shi ne wasan ƙasa. Amma ƙarfin NRL ɗin ma wani ciwon ne, don ƙungiyoyin ba sa son sakin ƴan wasansu su buga wa ƙasa, kuma wanda bai san wasa ba tutar ƙasa ce ke jawo shi, ba ƙungiyoyi irin su Penrith ko Castleford ba. Samoa ta kai wasan ƙarshe na kofin duniya a Old Trafford a 2022, abin tarihi, maimakon a ɗora a kai sai Faransa ta janye daga karɓar gasar 2025 aka ɗage zuwa 2026. Gasar Ashes, wato karawar ƴan Birtaniya da Ostireliya, sai da ta yi shekara 22 ba a buga ba kafin a dawo da ita a 2025.

Tun 2022 hukumar lig ta Ingila ta ɗauko kamfanin IMG kan yarjejeniyar shekara 12 ya gyara mata fuska, yanzu har yawan mabiya a soshiyal midiya ana lissafawa cikin makin da ke ba ƙungiya gurbi a babbar gasa. Ni dai da za su ji tawa, su bar ƙirga mabiya su fara sanya ranakun wasannin ƙasa da ƙasa na shekara huɗu gaba waɗanda ba za a taɓa ba, su rubuta lamba 13 ɓaro-ɓaro a jikin kowane tambari, su kuma daina ɓoye 1895. Wasan kansa ba ya buƙatar kwalliya, a kayar da ku sau shida ku miƙa ƙwallo, gudu da karo ba tsayawa, na zaunar da mutum uku sun kalli Wigan da St Helens kuma biyu sun nemi in turo musu wasa na gaba, na ukun ne dai har yanzu yake tambayata yaushe All Blacks za su buga.