Na Fita Nema wa Marayu, Aka Ba Ni Sadaka

A wani zama da muka yi da abokan aiki dab da hutun ƙarshen shekara, bakina ya ɗauko wa ƙafafuna aikin da ba su shirya masa ba, domin ni ne na fara ɗaga hannu da aka kawo batun tafiya a keke daga Bauchi zuwa Gombe, kusan kilomita 150, don tara wa marayu kuɗin makaranta. Mu shida muka yi alkawarin yin atisaye tare, amma hutu na zuwa kowa ya kama hanyar garinsu, aka bar ni daga ni sai tsohon keke Raleigh na marigayi mahaifina, sai kuma tumbin da na shekara 15 ina gina shi da masar Bauchi.

Kullum bayan sallar asuba nakan kifa hular kwano, in ɗaure ƙafar wando da roba don kada sarƙa ta cafke ta, in bi hanyar Gombe cikin hunturun Disamba. Leɓe ya tsage, hanci ya toshe, sirdi kuwa ya yi mini abin da sai da na kwana uku ina cin abinci a tsaye. Duk wannan na san za a rina. Abin da ban hango ba shi ne fassarar mutanen unguwa, waɗanda a wurinsu magidancin da aka saba gani cikin mota, idan aka gan shi bisa keke da duku-duku, to karayar arziki ce ta same shi. Wani maƙwabcina ya ja ni gefe bayan magariba, ya sassauta murya, ya ce mini komai ya yi zafi maganinsa Allah. Surukata ta aiko da buhun masara ba tare da wani bayani ba, maiɗakina kuma ta karɓa ta yi godiya, ba ta ga dalilin gyara zancen ba.

A mako na uku na ƙudurta sai na ga gadar Dindima da ke kan kogin Gongola, na kuwa gan ta, sai dai ina isa tayar baya ta sace, ga famfo na manta a gida, ga babu mai faci a kusa. Na jingine keken, na zauna bakin titi ƙura ta yi mini fari fat, na cire hular kwanon na ajiye ta a gabana bakinta na kallon sama, ina mayar da numfashi. Ban ankara ba sai ga wani dattijo ya tsayar da babur, ya laluba aljihu, ya jefa naira 200 a ciki.

Na ce, "Baba, ai ba bara nake yi ba, marayu nake nema wa taimako."

Ya dubi furfurar da ke gemuna, ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce, "Allah sarki, bawan Allah, maraici ai ba shi da babba," sannan ya ƙara naira 100 ya tashi babur ɗinsa.

A bayan motar gawayi muka koma Bauchi ni da keken. Da dare na buɗe littafin gudummawa, inda aka rubuta alkawuran abokan aiki shafi biyu cur babu wanda ya ba da ko sisi, na shigar da naira 300 a layin kuɗin da suka zo hannu, lamba ta ɗaya.