Sarakunan da ke gaban cocin Notre-Dame ba na asali ba ne

Duk wanda ya kalli faffaɗan hoton birnin Paris, irin wanda ke haɗa kogin Seine da gadojinsa a kallo ɗaya, idonsa kan sauka kan cocin Notre-Dame. In aka matso da hoton, za a ga jerin mutum-mutumi 28 na sarakuna a saman ƙofofinta uku. Jama'a da dama na ɗauka cewa sassaƙar ƙarni na 13 suke gani, alhali ba haka ba ne.

Na asalin an farfasa su tun 1793, lokacin juyin juya halin Faransa. Masu bore sun ɗauke su a matsayin sarakunan Faransa, ko da yake sarakunan Yahuza ne na Littafi Mai Tsarki. Suka sauko da su, suka fille musu kai. Waɗanda ke tsaye a yau aikin ƙarni na 19 ne, daga gyaran da masanin gine-gine Viollet-le-Duc ya jagoranta.

Sai a 1977 ma'aikata masu haƙa a harabar wani banki a Paris suka ci karo da kawuna 21 na mutum-mutumin na asali a binne. Yanzu suna gidan tarihi na Cluny da ke Paris. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne fuskokin: hanci ya gutsire, gemu ya tsage, amma har yanzu akwai ɓurɓushin jan launi a kumatu da leɓe. Ashe da fenti aka ƙawata su tun farko, ba dutse tsirara ba kamar yadda hotuna suka saba nuna mana.