Lissafin Malthus da hatsin da ke kasuwa ranar yunwa

A shekarar 1798 wani limamin coci ɗan Ingila, Thomas Malthus, ya fitar da ɗan littafi kan yawan jama'a ba tare da ya sa sunansa ba. Hujjarsa gajera ce: idan ba abin da ya tare su, mutane suna ninkawa duk shekara 25, daga 1 zuwa 2, 4, 8, 16, alhali abinci yana ƙaruwa ne kaɗan-kaɗan, 1, 2, 3, 4, 5. Don haka, a ganinsa, dole yunwa ko annoba ko yaƙi su rage bakunan da gona ta gaza ciyarwa, sai fa idan mutane sun jinkirta aure da kansu. Abokinsa David Ricardo, masanin tattalin arziki, ya ƙarfafa wannan tunani da cewa ƙasa mai albarka tana da iyaka, kuma duk ƙarin hannun da aka zuba a gona ɗaya, amfanin da yake kawowa raguwa yake yi.

Tarihi bai bi wannan lissafi ba. A zamanin Malthus mutanen duniya kusan biliyan 1 ne, a 2022 suka kai biliyan 8, kuma abincin da ake nomawa ya yi saurin da bai hango ba, saboda takin zamani da masana kimiyya na Jamus, Haber da Bosch, suka gano hanyar yin sa, da kuma ingantaccen irin alkama da ya ba masanin aikin gona Norman Borlaug lambar Nobel a 1970. A 1965 masaniyar tattalin arziki Ester Boserup ta juya maganar gaba ɗaya, ta ce matsin yawan jama'a shi ne ke tilasta wa manomi ya sake dabara. Duk wanda ya san ƙauyukan da ke kewaye da Kano ya ga wannan da idonsa: gonar da ba ta huta shekara ɗaya ba tun zamanin kakanni, jakuna ɗauke da mangalar taki daga cikin birni, wake a tsakanin kunyoyin gero da dawa, harawa a ɗaure kan bishiya tana jiran rani.

Abin da ya fi damuna game da Malthus shi ne yadda masu mulki suka yi amfani da shi. Ya soki dokokin tallafa wa talakawa a Ingila bisa cewa suna ƙarfafa haihuwa, kuma wannan ra'ayi ya samu gindin zama. Lokacin da cuta ta kama dankalin ƙasar Ailan, wadda ke ƙarƙashin mulkin Birtaniya, daga 1845, mutum kusan miliyan 1 suka mutu ana ci gaba da fitar da hatsi da dabbobi daga tashoshin jiragen ruwan ƙasar, kuma Charles Trevelyan, jami'in da ke riƙe da aikin agaji, ya yi karatu ne a kwalejin Haileybury inda Malthus ya koyar. Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya nuna a 1981 cewa yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 ta kashe mutanen da kuɗinsu ya gaza sayen shinkafar da ke akwai. Haka aka gani a Nijar a 2005, buhunan gero jibge a kasuwar Maraɗi, farashin tiya kuwa ya fi ƙarfin wanda rumbunsa ya ƙare.

Duk da haka ban yarda a jefar da Malthus kwata-kwata ba. Inda ake raba gonar gado tsakanin 'ya'ya goma, damina ta gajarta, buhun taki ya gagari mai ƙaramin ƙarfi, maganar Ricardo tana aiki ƙuru-ƙuru. Boserup ta yi gaskiya ne a wurin da manomi yake da kasuwa kusa, da hanya, da tabbacin cewa gonar tasa ce. Manoman Maraɗi da Damagaram sun raya miliyoyin hekta da gawo bayan da aka sassauta dokar da ta mai da bishiyar gona mallakar hukuma, kuma sun yi hakan ne a daidai shekarun da yawansu ya fi ƙaruwa.