Mugun halin da ke zuwa sanye da rigar kirki

Ga mutum ya yi wa kansa alƙawarin daina kwanciya da waya a hannu. Kwana huɗu yana cikawa. A dare na biyar ya ɗaga ido ya ga ƙarfe biyu ta gota, shi kuwa yana nan yana ta latse-latse. Gari ya waye, kai na sara masa, ido ya yi jawur. Daren da ya ɓata bai dame ni ba kamar abin da yake gaya wa kansa yana wanke fuska: "Kai dai ba ka da amfani. Kullum haka kake. Ba ranar da za ka gyaru." Da wani ne ya tare shi ya faɗa masa haka, da sun raba gari. Amma da yake maganar daga cikinsa ta fito, sai ya karɓe ta hannu bibbiyu, har yana ganin tarbiyya yake yi wa kansa.

A cikin halayen da ke cutar da mu kullum, zagin kai irin wannan ne muka fi kasa ganewa, kuma a ganina shi ke ciyar da sauran. Ƙarya, gulma, shaye-shaye, hantarar na ƙasa, duk kowa ya san sunansu. Masu wuyar kamawa su ne waɗanda ake yabo. Mai hana idonsa barci saboda aiki, jarumi ake ce masa. Wadda bakinta ba ya iya furta a'a ko da jikinta ya gaza, mai kirki ce a idon kowa, har ranar da za ta kwanta ciwo. Mai juya kuskuren bara a zuci dare da rana, shi a tunaninsa nadama yake yi, alhali bai gyara komai ba, kansa kawai yake cinyewa.

Ma'aunin da na fi yarda da shi ba ya duba daɗin abu lokacin yinsa, ba ya kuma duba yabon mutane. Yana duba yadda abin ya bar ka washegari. Fita tattaki kan yi nauyi kafin a fara, amma ba kasafai za ka ji wanda ya dawo yana da-na-sani ba. Awa uku ana leƙen rayuwar wasu a Facebook kuwa tana wucewa kamar ƙiftawar ido, ta bar ka kana raina abin da kake da shi. Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi tona asiri: wannan abin da kake yi wa kanka, za ka so a yi wa ɗanka ko ƙanwarka?

Akwai dalilin da ya sa zagin kai ba ya haifar da komai. A 2002 wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Wendy Wood, ita da abokan aikinta, sun sa mutane suna rubuta abin da suke yi duk bayan awa guda. Suka tarar kusan kashi 43 cikin 100 na ayyukan ana maimaita su ne kusan kullum, a wuri guda, sau da yawa hankali na wani waje. Wato wuri da lokaci da yanayin zuciya su ne ke jan hannun mutum kafin tunani ya iso. Wayar da ke gefen matashi za ta shiga hannu, ko mai ita ya zagi kansa sau dubu.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma maganarsa abin dubawa ce: in mutum ya riƙa sassauta wa kansa, ba sangarcewa zai yi ba? A 2010 Michael Wohl da abokansa a Jami'ar Carleton ta Kanada sun bi sawun ɗaliban da suka yi ta jan ƙafa wajen karatun jarrabawa. Waɗanda suka yafe wa kansu sakacin farko, su ne suka rage jan ƙafa da jarrabawa ta gaba ta zo. A 2012 kuma Juliana Breines da Serena Chen a Jami'ar California da ke Berkeley suka ba ɗalibai gwajin kalmomi mai wuyar gaske. Waɗanda aka tausasa wa zuciya bayan sun sha ƙasa, aka nuna musu ba su kaɗai gwajin ya ba wuya ba, sun fi daɗewa suna bita kafin zagaye na biyu. Abin ba mamaki. Idan duk lokacin da ka buɗe littafi sai ya tuna maka kai daƙiƙi ne, littafin za ka guje wa. Wanda bai ji ana jiransa da bulala ba shi ke iya komawa ya dubi inda ya yi tuntuɓe.

Sai dai a bambanta tausaya wa kai da wanke kai, don na ga masu fakewa da na farkon suna yin na biyun. Kristin Neff ta Jami'ar Texas, wadda tun 2003 take wallafa bincike a wannan fanni, ta sa kallon gaskiyar abin da ya faru, ba ƙari ba ragi, a cikin ginshiƙan tausaya wa kai, tare da tausasa harshe ga kai da tuna cewa kuskure na kowa ne. "Na yi ba daidai ba" magana ce mai ƙofa: ana iya ba da haƙuri, a biya abin da aka ɓata, a sake shiri. "Ni ba mutumin kirki ba ne" kuwa ɗaki ne da aka toshe. Wanda ya ɓata wa wani rai ya ƙi neman afuwa, ya ce lafiyar zuciyarsa yake karewa, wannan laifinsa ya take kamar tudu yana hangen na wasu, ba shi nake wa magana ba.

Ana cewa hali zanen dutse ne. Ina girmama karin maganar, amma ba duk abin da muke kira hali ne ya kai dutse ba. Da yawansa sabo ne, sabo kuwa yana sakuwa, sai dai ba da saurin da ake tallatawa ba. An daɗe ana yaɗa cewa kwana 21 sun isa. Binciken Phillippa Lally a jami'ar UCL ta Landan, wanda ya fito a 2009, ya bi mutum 96 na tsawon mako 12. Matsakaicin lokacin da sabon abu ke ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wani 18 sun ishe shi, wani kuma lissafi ya nuna sai ya kai 254. Abin da ya fi taɓa ni a binciken shi ne tsallake rana guda bai rusa ginin ba. Mutumin nan namu na dare na biyar bai yi asarar komai ba sai barcin dare ɗaya. Hukuncin da ya yanke wa kansa da safe shi ne zai iya sa ya watsar da alƙawarin gaba ɗaya.

Da zai nemi shawarata, zan ce ya bar faɗa da zuciyarsa ya gyara ɗakinsa. Masanin nan Bajamushe, Peter Gollwitzer, ya nuna niyyar da aka ɗaure da lokaci da wuri ta fi cika: "Idan goma ta yi, zan kai wayar caji falo." Ya kuma tanadi tun yanzu abin da zai faɗa ranar da ya karya, don ranar tana tafe: "Jiya ta kuɓuce mini, na gaji ne, yau goma na yi zan kai ta."

Akwai inda wannan duka ba ya isa. Idan muryar nan mai zagin kai ta ƙi yin shiru, baƙin ciki ko rashin sha'awar komai ya zauna kusan kullum har mako biyu, barci ya rikice, mutum na jin ba shi da wata daraja, to Hukumar Lafiya ta Duniya na lissafa waɗannan cikin alamomin ciwon damuwa, kuma yana da magani. Mai wannan hali likita ya kamata ya gani. Wanda kuma ya fara tunanin raba kansa da duniya, ya gaya wa wani na kusa da shi yau ɗin nan, su tafi asibiti tare.