Tsarabar Bobo

A Damagaram ba a yi wa mutum gorin cin fara. Da sanyi ya shigo za ka ga mata a bakin titi da manyan kwanoni, an cire fiffike, an tafasa, an shanya, an soya ta sha yaji da magi. Ni kuwa a fadarmu ta shan shayi da ke unguwar Birni na yi suna: in aka sayo ta dala ashirin, sai kowa ya damƙi rabonsa kafin in iso. Har bakina ya taɓa cewa duk ƙwaron da ɗan Adam ke ci, a kawo mini, sai na ga bayansa.

Taubashina, direban babbar mota, ya riƙe maganar. Da damina ya dawo daga Bobo Julaso ta Burkina Faso, ya dire mini leda a gaban jama'a ana cikin shayi na biyu. "Ga tsaraba, sarkin ci." Shitumu suke ce mata can, tsutsar da ke cinye ganyen kaɗanya wajen Yuli da Agusta, mata su tsince ta da sassafe a gindin itace, a tafasa, a busar. Mu nan man kaɗe kawai muka sani, itacen sai ka dangana da su Gaya ta jihar Dosso. Baƙa ce wuluk, tsawon ɗan yatsa, jiki gaɓa-gaɓa, kan ma ba a cire ba.

Na ce ai irin wannan sai an soya da albasa da tumatir, a gida zan ci. Na je na cusa ledar a ƙarƙashin katifa, da niyyar in dare ya raba in watsa wa kaji. Barci ɓarawo.

Washegari na dawo daga kasuwar Dole na tarar da gida tsit, yaro ya ce ana kirana wajen Inna. Ina shiga, ga uwargida a gefe ido ya yi jawur, ga ledar a tsakiyar tabarma an kifa mata faifai, ba mai kusantar ta.

"Kai, wane boka ya ba ka wannan?" in ji Inna. "In aure za ka ƙara, ka ƙara mana. Sai ka binne wa 'yar mutane tsutsa a inda take kwana?"

"Inna, wallahi abinci ne."

"Abinci? To, bismilla."

Na ɗauki ɗaya na tauna, ƙurus. Ba mai, ba gishiri, ɗanɗanon kamar busasshen kifi da ya kwana cikin kuka, ga yashi yana ƙara a haƙori. Na haɗiye, na ƙaƙaro murmushi. Sai uwargida ta share hawaye ta ce, "Inna, ɗaya ai ko magani ana haɗiyewa. Ya ƙara." Sai da na cinye cikin tafin hannu, ƙannena na leƙe ta taga.

Inna ta kau da kai ta ce ba ta san ta haifi ƙazami ba, a miƙo mata ƙullin fararta ta gyara baki, zuciyarta na tashi. Uwargida dai ta yarda ba sammu ba ne, amma tun ranar ta ware mini kwano da cokali, ta ɗiga musu jan fenti kada yara su yi kuskuren ɗauka.