Ba kowane tari ne ke son kafso ba

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Da zarar hunturu ya kama, hazo ya rufe gari, ba gidan da ba za ka ji tari da atishawa ba. A lokacin ne kuma ake yawan aikenmu kemis. Mu ake miƙa wa kuɗi a ce, "Je ka sayo wa Hajiya ja da yalo," ko "Karɓo wa ƙaninka Ampiclox guda huɗu." Wasunmu ma su ne a cikin shagon, suna ƙirga ƙwayoyi suna ƙullewa a leda. Tunda ta hannunmu maganin ke shiga gida, muna da kaso a alhakin abin da ya haifar.

Amoxil, Ampiclox, Septrin, Cipro, Augmentin da danginsu su ne ake kira antibayotik, kuma aikinsu guda ne: kashe ƙwayar cutar bakteriya ko hana ta hayayyafa. Mura kuwa ba bakteriya ke kawo ta ba. Wata ƙwayar cuta ce daban da ake kira bairos, wadda ko kwali guda ka shanye na antibayotik ba zai taɓa ta ba. Haka mafi yawan ciwon maƙogwaro da tarin da ke biyo bayan mura. Mura kan yi mako guda zuwa kwana goma ta tafi da kanta. Sai mutum ya sha kafso ana gab da ƙarshenta, ya wayi gari garau, ya rantse maganin ne ya yi aiki. Wasu kuma da sun ga majina ta yi kauri ta koma kore ko ruwan ɗorawa sai su ce cuta ta nuna, a kawo kafso. Launin nan daga ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cutar yake fitowa, ba ya nuna cewa bakteriya ce. Abin da mai mura ke buƙata hutu ne, da yawan shan ruwa, da farasitamol idan akwai zazzaɓi ko ciwon kai. Zuma tana lafar da tari, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Na san abin da wani zai ce: idan bai yi amfani ba, ai bai cutar ba. Yana cutarwa kuwa. Ja da yalo, wato tetirasaikilin, yana ɓata haƙoran yaron da bai kai shekara takwas ba, ɓacin da ba ya wankuwa, kuma ba a ba mai juna biyu. Septrin kan tayar wa wasu da ƙuraje har fata ta saɓule. Allurar jentamaisin da ake dankara wa mutane a ɗakin bayan shago tana iya taɓa ƙoda, tana iya kurumtar da mutum. Wannan ɓarnar da ake gani ke nan. Wadda ba a gani ta fi ta muni: duk lokacin da ka sha antibayotik, bakteriyar da ke jikinka masu rauni su mutu, masu taurin kai su tsira su hayayyafa, su yaɗu zuwa ga mutanen gidanka. Ranar da cutar gaske ta zo, sai a tarar maganin ba ya cin su.

Ba yau aka san da haka ba. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, da kansa ya yi gargaɗi a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945 cewa shan maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure masa. Abin da ya ji tsoro ya faru. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a 2019 saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma yankin da abin ya fi tsanani, idan aka auna da yawan jama'a, shi ne Afirka ta Yamma. Mu ke nan. Saboda haka kafso biyu na kuɗin da ke aljihu ba rabin magani ba ne, horar da cuta ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai kuma ɗabi'armu ta neman "mai ƙarfi". Mutum ya je asibiti a rubuta masa amoksisilin, ya fito yana ƙunƙuni wai likita ya raina shi, shi allura ya so, ko mai tsadar nan. Imam Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (SAW) ya ce kowace cuta tana da magani, idan aka dace da maganin cutar sai a warke da izinin Allah. Dacewa aka ce, ba tsada ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku: na farawa da su a cututtukan yau da kullum, da waɗanda ake taka-tsantsan da su, da na ajiya waɗanda ba a taɓawa sai komai ya gaza. Amoksisilin yana gidan farko. Cipro da azitiromaisin da allurar seftirayazon suna gida na biyu, amma mu mun mai da su kamar alewa.

Kada a fahimce ni a baibai. Akwai tarin da jinkiri a kansa halaka ne, musamman ga ƙananan yara. Limoniya, ciwon huhun nan da iyayenmu ke kira ciwon haƙarƙari, ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da dubu 740 a duniya a 2019. Gane ta ba ya buƙatar na'ura, agogon wayarka ya isa. Bari yaron ya natsu, ɗage rigarsa, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Idan bai kai wata biyu ba ya yi 60 ko fiye, ko yana tsakanin wata biyu da shekara ya yi 50, ko tsakanin shekara ɗaya da biyar ya yi 40, to ba mura ba ce kawai, a kai shi asibiti a ranar. Idan kuwa ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ko yana jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, ko da tsakar dare ne a fita da shi. A nan antibayotik ke ceton rai, kuma yawanci amoksisilin ɗin nan da muke rainawa ne, a ma'aunin da ya dace da nauyin yaron, na adadin kwanakin da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Ba a tsayawa don zazzaɓi ya sauka, ba a kuma ɓoye ragowar sirop don ƙaninsa.

Mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu da mashaƙon da ya ɓarke a 2023. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da wani farin abu da ke lulluɓe maƙoshi alamunsa ne, ba na kemis ba ne, domin bayan antibayotik sai an haɗa da allurar karya dafin cutar, ita kuwa sai asibiti.

Sai tarin da ya fi damuna da mu matasa. Saurayi ya yi mako biyu, uku, wata guda yana tari, yana rama, yana gumin dare, amma yana ta sauya kafso, saboda kunyar a ce tarin fuka gare shi. Haɗarin shi ne Cipro da 'yan uwansa suna ɗan taɓa ƙwayar tarin fuka. Sai tarin ya lafa na ɗan lokaci, mutum ya ɗauka ya warke, cutar na ci gaba da cin huhunsa, yana kuma rarraba ta ga abokan ɗaki da na majalisa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta. Duk tarin da ya kai mako biyu, a je a ba da kaki a gwada. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati, ana sha wata shida, kuma ana warkewa sarai. Wanda ya yanke a wata na biyu don ya ji ƙarfi, shi ke jawo wa kansa nau'in da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Ku kuma 'yan uwa da ke zaune a kemis, na san ciniki ne, na san idan ka hana, mutum zai wuce shagon gaba. Duk da haka ka tambaye shi kwana nawa yake tarin, waye zai sha, shekarunsa nawa, ko mai ciki ce. Mai mura ka ba shi farasitamol ka gaya masa gaskiya. Uwar da ta zo da yaro yana haki kada ka tsayar da ita kana auna sirop, ka tare mata abin hawa zuwa asibiti.